Bakwai da Ta Zama Ɗaya

Layi na sha huɗu a takardar sallamar babana
fari ne fat.
Inda ya kamata a jera lambobin yabo
ba komai sai ɗigon kashin ƙuda.

Alhali lambobin suna nan, guda biyu,
cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin gadonsa a Bagalam,
tare da basilla da haƙorinsa da ya faɗi bara.
Ɗaya ƙyallenta ya koɗe,
ɗayar tsatsa ta fara lasarta ta gefe.

Shekara ashirin da shida bai ce uffan ba,
sai ranar da jikansa ya dawo daga lakwal da hawaye:
wai yara sun ce a kasuwa kakansa ya sayo su.
Daren nan tuwo ya kwana a kwano.
Da asuba ya kira ni.
"Tsahara, ke da kika yi boko,
je ki tambayo mini ko ni ne maƙaryaci."

Na je biro.
Mushen ya juya ƙarfen a tafin hannu
kamar mai tayin goro,
ya ce, "Madam, ƙarfe ba ya magana. Takarda ke magana."
Na ce akwai rami a cinyarsa, babban yatsa na shiga.
Ya ce tabo ba shi da hatimi.

Aka ce dosiye yana Yamai.
Yamai ta ce a tambayi Damagaram.
Damagaram ta ce mai makulli ya tafi ta'aziyya.
Ribar ƙuli-ƙulina ta wata bakwai
ta ƙare tsakanin ɗan kabu-kabu da mai fotokofi,
har na san wane benci ne ke da ƙusa.

Wani tsoho ne a ɗakin ajiyar takardu, Jigo,
mai tabarau ɗaure da zare,
ya bi layi da farce har la'asar ta yi sanyi.
Ya ce, "Zo ki gani."
Lambar sojan Nomau Arzika da bakwai ta ƙare,
amma tawada ta gaza a ranar,
bakwai ta rasa hularta, ta tsaya tsirara, ta zama ɗaya.
Yabon duk ya zube a shafin wani mai dafa wa bariki shinkafa.
Shi ma bai sani ba, bawan Allah,
ya rasu yana bin gwamnati kuɗin takalmi.

Saura shaida.
Na sami Barmo a Tibiri, idanunsa sun tafi,
yana murza igiya a gindin bedi.
Ban gama faɗin sunan ba ya ajiye ta.
"Nomau? Shi ya goye ni daga magariba har gamzaki ya fito,
jinina da nasa a takalmi ɗaya suka taru.
Ina ake dangwalawa?"
Ya danna yatsa har takardar ta kusa hujewa.

Da damina amsar ta iso, Gulbi ya cika ya batse.
Na karanta masa a zaure.
Ya ce in ɗora yatsansa a kan layin.
Na ɗora.
Ya ce in sake karantawa, a hankali, ba gudu ake ba.

Na zaci kuka zai yi.
Sai ya ce, "Na Dodo fa?
Shi da muka rufe da farantin cin abinci,
an cika masa nasa layin?"
Ban sani ba. Ban taɓa jin sunan ba.

Ya kira yaron, ya miƙa masa takardar.
"Gobe ka kai lakwal.
Sa ta a leda, ka ga hadari ya haɗo."
Sannan ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

Ni kuwa na juya bayan rasit ɗin mai fotokofi
na rubuta Dodo,
na ce, "Baba, ɗan wa ne? Wane gari?"